Despina Mai Toya Sabulu

Duk wanda ya tashi a garin nan namu na bakin kogin Delaware ya san gidan abincin Stavros Kondos, a kan titin da ya miƙe zuwa matatar mai. Ma'aikatan matatar ne suka riƙe shi. Su shigo da warin mai a rigunansu, su ci ƙwai da soyayyen dankali, su sha gahawa, su zagi manyansu son ransu, su fita. A bayan kantar gidan abincin nan Despina ta girma. Ita ce autar Stavros. Uwarta ta rasu tana tsakiyar sakandare, yayanta kuwa da ya samu ƙofa sai ya yi Florida, ba a jin ɗuriyarsa sai gaisuwar Kirsimeti. Gida ya rage daga ita sai tsohon.

Doguwa ce mai faɗin kafaɗa irin na ubanta, magana kuma ba ta dame ta ba. Masu zuwa cin abinci sukan ce in Despina na zuba maka gahawa, kofin take kallo, ba kai ba. Da yamma takan tafi kwalejin gunduma tana karatun sinadarai. Ba wai ta san abin da za ta yi da shi ba ne. Ta dai lura shi ne darasin da ba a cewa ɗalibi ya miƙe ya yi jawabi a gaban aji.

Cikin masu zama a kujerar ƙarshe ta bakin kantar akwai Wendell Tibbs, wani baƙar fata daga gundumar Salem, wanda ya ba ta shekara goma sha wani abu. Matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba, shi ya sa karin kumallonsa ya koma gidan Stavros. Ba a cikin matatar yake aiki ba, a cibiyar binciken kamfanin yake, can bayan shingen waya, inda yake kula da tanderu. Bakinsa ba ya hutawa. Ran da ya ga littafinta a buɗe a kan kantar, sai ya leƙa ya ce, "Kondos ƙarama, me kike nema a nan? Yadda za ki sa mana guba a gahawa? Huta abinki, babanki ya daɗe da ganowa."

Stavros ya amsa daga kicin cewa wanda gahawar ba ta yi masa ba, ga kogi can, ya je ya sha. Wendell ya ga gefen bakin Despina ya motsa. Ba a jima ba ya gaya mata ana neman mataimaki a ɗakin gwaje-gwajensu, kuma ya riga ya ambaci sunanta wurin shugabar. Ta ce ita ba ta aike shi ba. Ya ce ya sani, shi ya aiki kansa.

Haka ta shiga aikin, farkon shekarun casa'in.

Shugabar sashen, Dakta Liang, 'yar Taiwan ce, gajeruwa, mai saurin tafiya da saurin magana. Ranar farko ta tsayar da Despina gaban allo, ta miƙa mata wata kwalba mai farin gari kamar fulawa. Wannan shi ne ziyolait, in ji ta. Kowace ƙwaya tasa cike take da 'yan ramuka jere a tsare, waɗanda ido ba ya gani. A matata ana haɗa shi da mai mai nauyi cikin zafi, man ya shiga ramukan ya farfashe, ya fito fetur. Matsalar ita ce ramukan sun cika ƙanƙanta. Mai mafi kauri ba ya samun shiga, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙone ya toshe ta. Manyan ramuka ake so, kuma dabarar da ta fito a shekarun nan, wadda kowane ɗakin bincike ya rufar wa, ita ce sabulu.

Ba sabulun wanka ba, amma danginsa ne. Dakta Liang ta zana mata shi da alli: kowane ɗan sabulu yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudun ruwa. In sun yi yawa a cikin ruwa sai su taru su yi curi, wutsiyoyi a ɓoye ciki, kawuna a waje. Maisel suke kiran wannan curin. Curin yakan miƙe ya zama sanda, sandunan su jeru kamar damin kara. Narkakken yashi ya bi jikinsu ya daskare, sannan a sa a tanderu a ƙone sabulun ƙurmus, ya bar ramuka daidai kaurin sandunan. Doguwar wutsiya ta ba da babban rami, gajeruwa ta ba da ƙarami.

Da suka fito, Wendell ya ce bari ya taƙaita mata abin da Dakta ta ɓata safiya tana faɗa. "Sabulu muke saya da tsada mu ƙone shi, a ba mu albashi. Kada ki gaya wa kowa a gari."

Aikin Despina shi ne awo da haɗi. Ta auna sabulu ta narkar, ta zuba narkakken yashi a hankali tana juyawa har ruwan ya yi kauri kamar kunu, ta ɗura cikin 'yan tukwanen ƙarfe masu murfin da ake ɗaurewa da noti, ta jera su cikin zafi su yi kwanaki. In sun nuna ta tace, ta wanke, ta busar, ta kai wa Wendell. Aiki ne na tsayuwa da jira da shiru, ya kuwa zauna mata kamar an gwada.

Amma akwai cikas. Garin yakan fito da manyan ramuka jere gwanin kyau, sai dai bangon ramukan ba ziyolait na gaskiya ba ne, yashi ne kawai da ya daskare ba tsari. Da an buɗa masa tururi mai zafi irin na matata sai ya rufta. Abin da Dakta Liang take so shi ne ainihin ziyolait mai ƙarfi ya tsiro a jikin curin sabulun. Shi kuwa ya ƙi. In an ƙara wuta don ya tsiro, sai ya tsiro can gefe guda da 'yan ramukansa na da, ya bar sabulun a gefe. In an rage wuta, sabulun ya zauna lafiya, shi kuma ya ƙi tsirowa. Suka canja tsawon wutsiya, suka canja yawan soda, suka canja irin yashin, shekara na bin shekara. Wendell ya ce abin yana tuna masa da iyayensa, gado ɗaya suke kwana amma kowa da bangon da yake fuskanta. Dakta Liang ba ta ga abin dariya a ciki ba.

Da rana ma'aikata sukan tafi ɗakin cin abinci, masu manyan digiri a teburinsu, saura a nasu. Despina ba ta iya hayaniyar wurin ba. Sai ta riƙa fita bayan ginin, inda manyan motoci ke sauke kaya, ta zauna a bakin dakalin siminti tana kallon jiragen dakon mai suna wucewa a kogi. Wata rana Wendell ya zo ya zauna nesa kaɗan, ya ce ta ƙwace masa wuri, tun tana firamare yake zama a nan. Daga ranar suka zama su biyu. Ita ta zo da burodin alayyahu da cuku na ubanta, shi ya zo da burodi mai nama a tsaka, su yi musayar rabi da rabi, yana kushe nata yana cinyewa. Shi ke magana, ita ke saurare. Ya ba ta labarin zamansa a soja, da na matarsa, da na wani karensa da ya tsani limamin cocinsu. A hankali ita ma ta fara sakin baki. A dakalin nan ta fara gaya wa wani mahaluki cewa ita ce ta tarar da uwarta a faɗe a kicin ran da ta rasu. Wendell bai yi raha ba ran nan. Ya dai zauna har ta gama, sannan suka koma aiki.

Sau ɗaya ya kai ta kamun ƙaguwa a bakin teku, wata Asabar ta bazara, cikin kwalekwalen ƙaninsa. Su ɗaura wuyan kaza a igiya su jefa, su jawo a hankali. Wata ƙatuwar ƙaguwa ta kuɓuce ta bi tsakar kwalekwalen da gudu, Wendell ya haye kujera yana kiran sunan Yesu, Despina ta yi dariya har da hawaye. Ya ce ashe tana da haƙora, duk shekarun nan ya ɗauka sai gira. Da ya dawo da ita ƙofar gida, ya kashe mota ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai shirin faɗin wani abu. Ita kuwa ta yi maza ta ce ta gode, ta fice. Ta ji haushin kanta har makon ya fita.

A shekarar da ta biyo Stavros ya faɗi a gaban murhu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka sayar da gidan abincin. Despina ta sa gadon asibiti a falo, ta ɗauki wata mata mai zama da shi da rana, ita kuma ta karɓa da yamma: wanka, abinci, magani, juya shi kada jikinsa ya yi gyambo. Tsohon da ya saba ciyar da gari guda ya koma ana ba shi a baki, haushin haka kuwa a kanta yake ƙarewa.

Suna cikin wannan sai labari ya zo cewa kamfanin ya haɗe da wani, za a rufe cibiyar, a kwashe binciken a kai Texas. Wasu aka sallame su, wasu aka ce in suna so su bi. Dakta Liang ta ce ita jami'a za ta koma, an dakatar da aikin sabulun gaba ɗaya.

Wata rana ta kaka, iska na kaɗa busassun ganye a filin sauke kaya, Wendell ya zauna bai buɗe burodinsa ba.

"Despina," ya ce. Bai taɓa kiranta da sunanta ba sai ran nan. "Ni zan karɓi tayinsu, zan tafi Texas. Na ji ke ma sun ba ki."

"Sun ba ni."

"To mu tafi. Ba kamfani nake cewa ki bi ba, ni nake nufi. Na san na tsufa, na san surutu ya yi mini yawa, na kuma san abin da matan cocinku za su ce in kin auri baƙar fata. Tsohon ma mu tafi da shi. Can ba sanyi, ga shi zai samu wanda zai riƙa zagi kullum ba sai ya fita nema ba."

Ta juya ta dubi kogin. Sannan ta ce Baba ba zai iya wannan tafiyar ba. Wendell ya gyaɗa kai, ya ce to, ba komai. Ya buɗe burodin ya miƙa mata rabi kamar kullum, amma bai kushe nata ba.

Tsofaffin masu cin abincinsa sukan leƙo Stavros, saboda haka labarin rufe cibiyar bai ɓuya masa ba, abin da ba a gaya masa ba kuma ya daɗe da gani da idonsa. Tana goge masa baki bayan cin abinci ya riƙe hannunta da na hagunsa, ya ce da harshensa da ya yi nauyi, "Me kike jira a nan, 'yar nan? Ni na gama nawa. Ki tafi." Ta ce ta riga ta yanke shawara, ya sha maganinsa. Ya juya fuska bango, ya yi kwanaki bai yi mata magana ba.

Gaskiyar magana, ba tsohon ba ne. Despina ta san yadda ake hidimar mutum, ta san yadda ake zama kusa da mutum a ci abinci a tashi. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda za ta zauna gida ɗaya da wanda yake kallonta, ya ga ta ji daɗi ko ranta ya ɓaci, ya tambaye ta dalili. Da ta hango hakan sai ta ji kamar za a sa ta tsaya gaban aji har ƙarshen rayuwarta.

Wendell ya ɗora kayansa a akori-kura ya tafi. Da farko yakan kira ranar Lahadi bayan an tashi coci, ya ba ta labarin zafin Texas da sauron da ya kusa kai girman tattabara. Amma shirun da ya yi musu daɗi a kan dakali bai yi daɗi a waya ba. In ya gama nasa sai layin ya yi tsit, ya ce tana nan kuwa, ta ce tana nan. Kiran ya fara tazara. Wata Lahadi ya gaya mata zai auri wata mata mai suna Verlene, mai waƙa a cocinsu. Ta yi masa murna, ta aika musu da tukwane masu kyau.

Ta samu aiki a wata masana'antar fenti a ƙetaren gada, tana gwada launi da kauri. Stavros ya rasu cikin wani sanyi mai tsanani. Yayanta ya zo jana'iza ya koma da wuri, ya ce aiki. Gadon asibitin ya daɗe a falo bayan nan, ba don tana son ganinsa ba, sai don ɗauke shi aikin mutum biyu ne, ita kuwa ba ta san wanda za ta roƙa ba. Takan ci abinci a tsaye a kicin, rediyo a kunne don dai a ji muryar mutum a gidan. Ran Lahadi ta je coci ta tsaya a baya, ta fita kafin a fara gaishe-gaishe.

Furfura ta riga ta cika mata kai lokacin da Dakta Liang ta kira ta. Ta bar jami'a, in ji ta, ta shiga wani ƙaramin kamfani da ya kama hayar gini can arewacin jihar, sun koma kan maganar sabulu. Ta tambaye ta ko tana tuna yadda ake haɗa kunun. Despina ta ce hannunta bai manta ba.

A shekarun da ta yi tana gwada fenti, masana sun juya abin ta baya. Maimakon a yi ta lallashin ziyolait ya tsiro a jikin sabulu, sai a fara da wanda ya riga ya yi ƙarfi. A jiƙa shi da ruwan soda kaɗan har jikinsa ya yi taushi, 'yan sabulun su kutsa cikin ƙwayar su yi curinsu a can, ƙwayar ta gyara zamanta kewaye da su ba tare da ta rushe ba. In an ƙone sabulun, ga manyan hanyoyi ga ƙananan ramuka a ƙwaya ɗaya, bangon kuma na gaskiya. Ba kamfaninsu ne ya fito da dabarar ba, amma Dakta Liang tana da nata salon da take son gwadawa.

Despina ta riƙa tuƙi mai nisa safe da yamma. Abokan aikin duk sa'annin 'ya'yanta ne da ta haihu. Suna ganin girmanta, Madam Kondos suke ce mata, in ta shigo ɗakin shan gahawa sai su rage murya. Sun taɓa gayyatarta fita bayan aiki, ta ce sai wani lokaci, su kuma suka ɗauka ba ta so, ba su sake ba. Ran da gari na farko ya jure tururi bai rufta ba, Dakta Liang ta kira ta ta nuna mata a kan kwamfuta, har idon Dakta ya kawo ruwa. Matasan suka yi ta tafi. Despina ta tsaya tana kallo, sannan ta fita ta nufi ɗakin tanderu ba tare da ta yi niyya ba. Tanderun can na zamani ne, shi ke kunna kansa ya kashe kansa. Ba kowa a ɗakin.

Da aka zo yin garin da yawa sai suka kama hayar wata masana'anta a Pennsylvania mai tanki kamar rumbu. Abin da ba ya damun kowa a 'yar kwalba ya zama wani abu a tanki. Wani ya ƙara wa injin juyawa gudu, sabulun ya tuna shi sabulu ne. Kumfa ta taso ta ɗaga murfi, ta gangaro kan matakala, ta cika ƙasa, ta fita ta ƙofa har wurin ajiye motoci. Ƙarti masu hular kwano suka yi ta lalube cikin kumfa iya ƙugu suna neman makunni, manajan wurin ya zame ya ɓace, sai hularsa ake gani tana tafiya. Ba wanda ya ji ciwo. Despina tana saman matakala ta yi dariya har ta riƙe ƙarfe, ta juya dama da magana a bakinta. Bango ne a wurin.

Da yammacin ranar ta nemo lambar Wendell ta kira. Muryar mace ta amsa, da ta ji sunan sai ta ce, "Ke ce Kondos ƙarama? Ai kullum kina gidan nan, baiwar Allah, ni dai ban taɓa ganinki ba." Verlene ce. Ta ce Wendell yana asibiti, huhunsa ne ke ba shi wahala, amma zai fito. Ta sa Despina ta ba ta labarin kumfar kaf don ta kai masa, ta kuma ce duk ran da ƙafarta ta taka Texas, in ba ta zo gidan ba ba za ta yafe ba.

Shekara na zagayowa wata matata a gaɓar Texas ta yarda ta gwada garinsu, Dakta Liang ta tafi can da Despina. Ranar Lahadi Despina ta ɗauki hayar mota ta je gidan su Wendell. Ƙaramin gida ne mai baranda da itacen lemo a gaba. Verlene, mace mai jiki da babbar murya, ta rungume ta tun daga ƙofa, ta zaunar da ita gaban shinkafa da miyar kuɓewa mai jatan lande, ta yi ta ƙara mata tana cewa mutanen arewa ba su san cin abinci ba. Wendell ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa, da robar iska a hanci, amma bakin yana nan. Ya ce wato sai da ya bar musu aikin abin ya yiwu, ashe shi ne matsalar tun farko, da sun faɗa masa da ya tafi da wuri.

Bayan an ci abinci Verlene ta ce tana da wanke-wanke, ba ta kuma son taimako, ta kora su baranda. Suka zauna suna kallon titi. Ya ce ta sake yi masa bayanin sabuwar dabarar, ta yi, ya saurara da idonsa a rufe. Can ya ce, "Tsohon ya kira ni, kin sani? Kafin in taso. Matar nan mai zama da shi ta buga masa lambar."

Ta ce ba ta sani ba.

"Da ƙyar na gane abin da yake faɗa. Ya ce in zo in ɗauke ki ko kina so ko ba kya so. Ya ce gahawarsa ma ban so ba amma na yi shekaru ina sha." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, ya jira ya lafa. "Ban zo ba. Kin riga kin ce a'a, ni kuma ban da ƙarfin jin ta sau biyu."

Despina ta dubi hannuwanta. Ta ce, "Da ka zo ma, ban san abin da zan ce ba."

"Na sani, Kondos ƙarama. Shi ya sa."

Ba su ƙara taɓa maganar ba. Verlene ta fito da shayi mai ƙanƙara, aka koma hirar sauro da farashin gidaje. Da za ta tafi suka cika mata jaka da lemo, suka tsaya a baranda su biyu suna ɗaga hannu, Verlene na riƙe da ƙugunsa kada ya faɗi. Despina ta yi kwana a ƙarshen layin, ta faka a gefen wani coci, ta zauna a motar har rana ta yi sanyi kafin ta iya tuƙi.

Gwajin ya yi kyau, ba irin na ban mamaki ba, amma ya yi. Man da aka samu ya ɗan ƙaru, ƙonannen da ke toshe ramuka ya ragu, matatar ta yi oda. Daga baya wani babban kamfani ya saye ƙaramin, Dakta Liang ta koma kusa da jikokinta a California, Despina ta yi ritaya. Wendell ya rasu farkon bazarar da ta biyo. Ta je jana'izar ta zauna a layin baya, Verlene ta hango ta, ta taso cikin baƙaƙen kaya ta jawo ta har layin dangi, ba ta saki hannunta ba har aka gama waƙa.

Har yanzu tana nan a gidan ubanta. Gunduma tana da wani shiri na kai tsofaffin da ba su da kowa asibiti, ta ba da sunanta da motarta. Ta ɗauko su a ƙofar gida, ta naɗe keken guragu ta sa a but, su yi ta ba ta labarin ciwonsu da 'ya'yansu da ba sa kira, ita tana kallon hanya tana cewa to. Suna sonta, sun ce ba ta katse mutum. In sun shiga ganin likita ba ta bin su ciki. Takan zauna a motar a filin asibitin, gilashi a sauke kaɗan, tana ɓare tuffa da 'yar wuƙa, idonta a kan ƙofa don kada wanda ta kawo ya fito bai ga kowa ba.